Abin da Hannun Dada Ya Sani

A unguwarmu a Tambuwal, idan mace ta rasu, kafin a aika wa dangi ana aika wa Dada. Ita ce mai wankan gawa. Sunanta na yanka ban taɓa jin wani ya kira ba, yara da manya har limamin unguwa Dada suke ce mata. Gajeruwa ce, baƙa, mai ƙananan hannuwa, farcenta kullum a yanke har ya shige nama. Ba ta sa lalle, ba ta sa zobe. In ta gitta za ka ji ƙanshin kafur da ganyen magarya, ko da an yi wata guda ba a yi mutuwa ba.

A Fakku aka haife ta, can ƙasar Kebbe, kuma wurin uwarta ta gaji aikin. Tana da shekara goma sha bakwai ta fara riƙe wa uwar buta, kafin ta kai talatin ita ake kira. Aure ya kawo ta Tambuwal. Mijin ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta biyu maza suna kudu wurin neman abinci, ita kaɗai ce a gida da tumakinta uku. Tana dafa daddawa, tana saƙa faifai. In ta gama wanka ko goro ba ta karɓa.

Ana girmama ta, amma daga nesa. In ta je suna, a bakin ƙofa take zama, ta yi addu'a ta tashi, ba ta karɓar jariri. Ba wanda ya hana ta, ita ta gane da kanta masu jego ba sa so. Abin da ya fi damun mutane shi ne kallonta. Dada ba ta duban fuskarka in kuna magana. Takan fara daga kafaɗa ta gangara a hankali har ƙafa. Ni Rabi'atu tela ce, shekara ashirin ina kan keken ɗinki, na san yadda ake auna mutum da ido, shi ya sa ban taɓa son kallon nan nata ba.

Matan da suka taɓa zuba mata ruwa sun ce tana magana da gawa. Ba addu'a ba, magana irin wadda ake yi wa mara lafiya. "Sannu, ɗiyata. Zan ɗaga ki kaɗan. Ruwan da ɗumi." Kuma duk abin da ta tarar a ɗakin nan, a nan take barinsa. Malamai sun ce amana ce, mai wanka ba ya faɗin aibin da ya gani a jikin mamaci, kuma Dada ta riƙe wannan da haƙori. Shekara hamsin da wani abu ba a taɓa jin ta ce wance tana da tabo ba, ko wance ta rame. In mata suka matsa mata da tambaya sai ta ce, "Ta koma da tsabta," ta ɗauki ƙwaryarta ta fita.

Yadda ta shigo rayuwarmu, ta kan Hamdiya ne, ɗiyata ta biyu. Shekararta goma sha tara, tana shirin tafiya kwalejin koyon malanta, ciwon ya fara. Da farko ciki ne ke murɗa mata bayan ta ci abinci, can ƙasa ta hannun dama. Sai gudawa ta biyo, wata rana har da jini. Muka ce atini ne, aka sha magani, ya lafa sati biyu ya dawo. Aka ce taifot, aka yi allurai. Aka ce basir, aka jiƙa saiwoyi. Yarinyar da nake ɗinka wa kaya da yadi biyar, na wayi gari ina rage mata riga sau uku a wata biyu.

Muka kai ta babban asibiti a Sakkwato, ni da babanta, Malam Nu'umanu. Likitan matashi ne mai haƙuri. Bayan gwaje-gwaje ya ce ya fi zaton tibi ne, wato ƙwayar tarin fuka, ya kama hanji, domin a ƙasarmu shi aka fi gani da irin waɗannan alamun. Kafin ya rubuta magani ya tambaya, "A danginku akwai wanda ya taɓa irin wannan ciwon ciki mai daɗewa?"

Malam ya ce babu. Kuma ba ƙarya ya yi ba. Gidansu gidan malamai ne, asalinsu Fakku, ba su saba faɗin abin da ba su sani ba. Ya ce mahaifiyarsa, Inna Kaltume, ciwon jego ne ya ɗauke ta yana yaro. Ƙanwarsa Hafiza, wadda ta yi aure a Jabo, taifot ne. Ni ma na ce a gidanmu babu. Likita ya rubuta maganin tibi na wata shida, muka dawo gida da murna an gano abin.

Wata uku tana sha ba fashi, ba abin da ya sauya sai ƙarin rama. Bakinta ya fashe da ƙuraje, ko kunu sai ta rufe ido take haɗiyewa. Wasu jajayen ƙulluwa suka fito mata a ƙwauri, masu zafi in an taɓa. Akwai kuma wani abu da ta ɓoye mini, sai a wanki na gano, don zanenta kullum da tabon ruwa a baya. Na tsare ta a ɗaki, ta yi kuka ta ce wata 'yar kafa ce ta ɓulle kusa da dubura, tana zubar da ruwa. Ta ce ko za ta mutu ba za ta faɗa wa likita namiji ba. Ni ma, Allah na tuba, na ga kamar ba abin faɗa ba ne.

A wannan halin Dada ta fara zuwa. Ranar Talata ce da hantsi, Hamdiya tana kwance a tabarma ƙarƙashin darbejiya, ina ɗinki a rumfa. Ban ji takunta ba, sallamarta kawai na ji a bayana. Ta gaishe ni, ta je ta zauna kusa da ƙafafun yarinyar, ta tsura wa ƙwaurinta ido. Ta yi kamar rabin sa'a, ta ce Allah ya ba da sauƙi, ta tafi.

Washegari ta dawo, daidai wannan lokacin. Jibi ma haka. Ba ta zuwa da komai, ba ta shan ruwan da na ajiye mata, zama kawai da kallo. Tsakar gidan da kullum ke cike da masu kawo ɗinki ya koma tsit, duk wadda ta leƙo ta ga Dada sai ta ce za ta dawo an jima. A kwana na biyar wata maƙwabciya ta ga shigarta, ta biyo ta a guje tana salati, mayafi a hannu, ta ɗauka an yi rasuwa. Ta yi turus da ta ga Hamdiya tana kallonta da ido biyu.

Da yamma Hamdiya ta ce mini, "Inna, in Dada ta zauna sai in ji kamar ana zuba mini ruwan ɗumi, daga ƙafar dama." Ta faɗe shi ba tsoro, kamar mai ba da labarin wani abu mai daɗi. Wannan ne ya tayar mini da hankali.

Ni kuwa an san ni, bakina ba ya jiran hankalina. Da Dada ta shigo washegari na tare ta tun daga zaure.

"Dada, ke uwa ce, amma yau sai na faɗa miki. Mi kika zuwa nema gidana? In awon likkafani ne, ni tela ce, zan auna abata da kaina. Ɗiyata ba ta mutu ba."

Ba ta yi fushi ba. Idonta yana kan kafaɗata ta ce, "Ba awo nika yi ba, Rabi. Ki bar ni in taɓa cikinta."

Na ce ba mai taɓa ta. Sai muryar Hamdiya daga tsakar gida, "Inna, ki bar ta."

Dada ta durƙusa gefen tabarma. Ta ciro wani farin tsumma daga haɓar zane, ta fara naɗe hannunta na hagu da shi, a nutse, yadda take yi kafin ta sa hannu ƙarƙashin mayafin gawa. Na fizge tsumman na jefar. Ta dubi hannun nata kamar ba nata ba, ta ce, "Ki gafarce ni. Ban saba taɓa mai rai ba."

Ta ɗora tafinta a cikin yarinyar, ta rufe ido. Ta fara daga sama tana matsawa a hankali tana gangarowa. Da ta zo ƙasa ta dama sai hannun ya tsaya. Hamdiya ta cije leɓe. Dada ta daɗe a wurin, leɓenta yana motsi, na ji kamar ƙirga take yi. Sannan ta sunkuya ta yi wa yarinyar tambaya a kunne, Hamdiya ta rufe fuska ta gyaɗa kai. Dada ta miƙe, ta tsince tsumman daga ƙasa, ta fita ba sallama.

Kwana fuɗu ba a gan ta ba. Tumakinta suka yi ta kuka har maƙwabta suka watsa musu harawa ta kan katanga. Daga baya wani ɗan acaɓa ya ce shi ya kai ta Fakku. Ya ce ba ta shiga gidan kowa ba, bayan gari ta sa ya sauke ta, gefen tsohuwar maƙabarta. Ta tsaya a wajen shinge, tunda mata ba sa shiga, rana tana dukanta, tana magana ƙasa-ƙasa tana fuskantar kaburbura. Ya ce takan yi shiru ta karkata kai, sannan ta ci gaba. Daga nan ta ce ya kai ta Jabo, can ma maƙabarta. Ya rantse ba zai ƙara ɗaukarta ba.

Ranar komawarmu asibiti, Malam yana da karatu da ɗalibai, ni kaɗai zan kai ta. Muna isa tasha muka tarar da Dada a zaune a kan benci, da farin mayafi da 'yar jaka a cinya. Ban gaya mata ranar ba, kuma har yau ban san wa ya gaya mata ba. Ta ce, "Tare za mu." A cikin bas, matar da ke kusa da ita ta gane ta, ta ɗauke ɗanta ta mayar ɗaya cinyar. Daga Tambuwal har Sakkwato ba wanda ya yi hira a kujerarmu.

Da aka kira mu, likita ya duba nauyin Hamdiya, ya duba na baya, ya ga ta ƙara ramewa. Dada ta ce masa tana da magana, amma shi kaɗai. Ya sa ma'aikaciya ta fita da Hamdiya. Dada ta ce, "Rabi, ke ma."

Na ce ba inda za ni. Ɗiyata ce, ni na haife ta, ba wanda zai yi magana a kanta a bayan idona. Sai Dada ta ɗago ta dubi fuskata. Tun da na san ta wannan ne karo na farko da muka haɗa ido. Ta daɗe tana kallona, ban san abin da take nema ba, sannan ta juya wurin likita.

"Ɗana, ni mai wankan gawa ce. Abin da zan faɗa ban taɓa faɗin irinsa ba, kuma ban gani da ido ba, don ba mu kallo. Hannu ne. In muna wanka mukan matsa ciki a hankali, kuma mukan tsarkake ƙasa da tsumma ta ƙarƙashin mayafi. Mata nawa na wanke ban san iyaka ba. Guda uku ne hannuna bai mance ba."

Likita ya ajiye biro.

"Ta fari sunanta Tambaya, a Fakku, ina yarinya ina taya innata. Anka ce iska ne. Ba ta kai ashirin da biyar ba. Ƙashi da fata, amma nan ƙasa ta dama akwai ƙullu mai tauri awa ɗanyen mangwaro. Kuma kusa da dubura kafofi ne, ba ɗaya ba. Ƙwaurinta duk tabo. Ta biyu yayarta, Kaltume. Anka ce jego. Ina matsa cikinta na ji ƙullun nan a wurin da na bar shi. Har na waiga, na ɗauka Tambaya ce anka dawo mini da ita. Ta uku Hafiza, ɗiyar Kaltume, shekara sha biyu ke nan, anka ɗauke ni har Jabo. Anka ce taifot. Kafin in sa hannu na san abin da zan iske."

"Kaltume ita ta haifi uban wagga yarinya. Ranar Lahadi na taɓa cikin yarinyar. Shi ne. Ban san sunan shi ba, kai ka yi karatu. Ni dai ban son in iske shi karo na fuɗu a kan tabarmata."

Hafiza na san ta, mun ci abinci kwano ɗaya, na san tana fama da ciki, amma wa ba ya fama da ciki? Kowace da sunan ciwonta aka binne ta, kuma tsakanin kowace da 'yar'uwarta shekaru ne masu yawa. Maza ba sa shiga ɗakin wanka, matan gidan kunya ta hana su faɗa tun suna raye. A duk duniya mutum ɗaya ce ta taɓa su su ukun.

Likita ya yi mata tambayoyi da yawa, tana amsawa ba ƙari ba ragi. Ya juyo gare ni ya tambayi maganar kafar, na sunkuyar da kai na ce gaskiya ne. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce ba zai iya rantsewa a kan abin da ya kashe waɗanda ke ƙasa ba. Amma maganin tibi bai yi aiki ba, ga kafa, ga ƙurajen baki, ga na ƙwauri, ga kuma wannan labarin, dole a leƙa hanjin. Aka sa mana rana. Aka zura wata siririyar na'ura mai ido ta ƙasa, aka gutsuro 'yan ƙananan nama daga bangon hanjin aka kai gwaji.

Sati uku muka jira. Da sakamako ya fito likita ya ce ba tibi ba ne. Kumburin hanji ne mai daɗewa, irin wanda ake kira Kuron. Ya ce garkuwar jikin mutum ce ke juyawa tana cin hanjinsa. Ba a ɗauka a kwano ko a ruwa. Yana bin jini a wasu gidaje, wanda danginsa na kusa ke da shi ya fi saura haɗari, amma da yawa a gidan ba za su taɓa yin sa ba. Ba ya warkewa ɗungurungum, sai dai a kwantar da shi da magani, a riƙa zuwa ana dubawa. Aka sauya mata magani. Cikin wata biyu ƙurajen baki suka mutu, gudawar ta tsaya, na ga ɗiyata ta cinye tuwo ta nemi ƙari. Na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba duk shekarar.

Tun ranar da ta yi wa likita bayanin nan, a bas muna dawowa, Dada ta riƙo hannuna ta ce, "Rabi, wagga magana ta tsaya ga likita. Da na je maƙabarta, na nemi izinin su a kan likita ne kaɗai." Na ce wallahi ko Malam ba zai ji ba. Na rantse mata har sau biyu, kuma da zuciya ɗaya na rantse. Malam na ce masa likita ne ya gano da kansa.

Wata biyar na riƙe. Sai Malam ya ce a yi sadaka don samun sauƙin Hamdiya. Aka dafa shinkafa, aka toya masa, mata suka cika tsakar gida. Dada ta zo ta zauna a bakin ƙofa kamar yadda ta saba. Hajiya Rumasa'u ma ta zo, yayar Malam, babbar gidansu, wadda tun da na shigo gidan ba ta taɓa yarda 'yar masu sayar da hatsi ta dace da ɗan malamai ba. Ta ji ana cewa ciwon yana bin jini, sai ta gyara zama ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"To ai sai a duba can wajen uwa. Mu dai gidanmu tun kaka da kakanni ba mu san ciwon ƙazanta ba. Na faɗa tun farko, in za a yi aure a binciki asali. Ga shi an lalata mana jini."

Hamdiya tana tsaye da tire a hannu, a gaban ƙawayenta. Na ga yadda fuskarta ta sauya. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Jinin wa anka lalata, Hajiya? Ga Dada nan zaune, ki tambaye ta abin da ta taɓa a cikin uwarki da ta wanke ta. Ki tambaye ta kafofi nawa ta iske a jikin Hafiza. Ita ta faɗa wa likita da bakinta, ina zaune."

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba a gida mai mutum hamsin. Ba wadda ta dubi Hajiya Rumasa'u. Duk suka juya bakin ƙofa. Na ga abin da ke fuskokinsu, domin kusan kowace a wurin Dada ta wanke mata uwa, ko ɗiya, ko 'yar'uwa, kuma kowace ta san wata rana ita ce za ta kwanta a gabanta. Dada ta ajiye masar da aka ba ta a kan faifai, ta laluba takalmanta, ta sa, ta fita a hankali.

Kafin sati maganar ta zagaye Tambuwal, ta kai Jabo, ta kai Fakku, kowa da abin da ya ƙara. Aka ce Dada tana zuwa asibiti tana ba da labarin gawawwaki. Aka ce tana da lissafin aibin kowace mace a ka. Malam ya yi kwana goma bai ci abincina ba, tsiraicin uwarsa na tona a gaban mata, kuma ban ga laifinsa ba. Na bi gida-gida ina cewa don ceton rai ta yi, ga Hamdiya nan a raye. Sukan ce haka ne, Allah ya saka mata, sannan su sauya magana. Liman ma ya ce abin da ta faɗa wa likita ba laifi ba ne, lalura ce. Mata suka ji, ba su musa ba. Wata jikar Inna Kaltume ta zo mini a ɓoye ta karɓi sunan likitan, amma ko ita ba ta je ta gaida Dada ba. Ni kuma na kasa zuwa gidanta, in na hango ta sai in sauya hanya.

Da damina ta faɗi, wata tsohuwa ta rasu gida uku daga na Dada, da safe bayan an sha kunu. Shekara talatin suna gaisawa safe da yamma. Ina cikin gidan rasuwar na ji 'ya'yanta suna shawara ƙasa-ƙasa, sai na ga an tura babur Jabo. Aka jira sa'a biyu da gawa a ɗaki, har aka zo da wata mata da ba wanda ya san ta. Ita ta yi wankan.

Da aka fita da makara ban koma gida ba, ƙafata ta kai ni gidan Dada. Tana zaune a zaure a kan 'yar kujera, da farin mayafi, takalmi a ƙafa, ƙwarya a cinya da garin magarya da kafur da tsumma a ninke. Gefenta babban bokiti cike da ruwa, an rufe shi da faifai. Tun da ta ji kukan farko ta ɗora ruwan, ta shirya, ta zauna inda mai aike zai same ta. Ta ƙofar zauren nan aka wuce da makarar.

Na durƙusa a gabanta. Da kyar na ce, "Dada, na ci amanarki. Na rantse miki na karya. Ki yafe mini."

Ta ce, "Yarinya ta ci abinci yau?"

Na ce ta ci.

"To." Ta shafa bakin ƙwaryar da yatsa. "Rabi, na san ki tun kina amarya. Ranar da kika ƙi fita ɗakin likita, na dube ki, na san ba ki iya riƙewa. Ko wata biyar ɗin ban zaci ki kai ba. Da na so, da na yi shiru mun dawo gida. Na sani sarai mi za ya biyo baya, sannan na buɗe baki."

Na kifa kaina a gwiwarta ina kuka. Ba ta taɓa ni ba, hannayenta suna kan ƙwarya. Da na lafa ta ce in tashi in kama mata bokitin mu kai bayan gida mu zubar, ya yi mata nauyi ita kaɗai. Muka kama, ni dama ita hagu. Ruwan ya riga ya huce.